Nasiha ga lauyan da ya shiga majalisar dokokin jiha

Assalamu alaikum. Barista, ga shi yau ana ce maka Honorabul. Allah ya taya ka riƙo.

A kotu ka saba tsaya wa wanda ya ɗauke ka, ga lauyan ɗaya ɓangaren yana ƙalubalantarka, ga alƙali a sama. Duk da wannan tsaro, Annabi (SAW) ya yi gargaɗi a hadisin Ummu Salama cewa wani kan fi wani iya tsara hujja, kuma wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya bakinsa, yankin wuta aka yanka masa. To ina ga zauren da kai ne mai rubuta dokar, waɗanda za ta hau kansu kuwa ba su da lauya a wurin?

Ƙudiri yakan bi karatu na ɗaya, na biyu inda ake muhawara kan manufarsa, ya je kwamiti, a ji ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, sannan a kai wa gwamna. A Najeriya, sashe na 100 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi majalisa na iya tabbatar da dokar da kashi biyu bisa uku. Jama'a muhawarar zaure suke kallo, amma a kwamiti ake yin ɓarnar, kuma da kalma ɗaya ake yin ta. A cire "dole ne hukuma ta biya diyya" a sa "hukuma na iya biya", shi ke nan haƙƙin mai gona ya koma alfarma. A taƙaita ma'anar "ma'aikaci" a sashen fassarar kalmomi, 'yan kwantiragi sun fita ba wanda ya lura. A sa tarar da babban kamfani zai biya bai ji a jikinsa ba. A ba kwamishina ikon yin ƙa'idoji ba tare da ya dawo gaban majalisa ba.

Abokan aikinka da yawa ba su karanci doka ba. Za su ce "ai Barista ya duba", su amince. Wallahi wannan yardar amana ce a wuyanka, kuma ita Allah ya yi umarni a mayar wa masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58. Kada ka sa hannu a rahoton kwamiti sai ka karanta shi sashe-sashe, ka gwada shi da tsohuwar dokar da zai soke.

Sai tsofaffin waɗanda ka yi wa aiki. Ba za su daina kiranka ba. Idan ƙudiri ya shafi ɗayansu, ka faɗa a fili tun farkon zama, a rubuta, ka janye daga ƙuri'ar. Sirrinsa da ka riƙe tun kana lauyansa yana nan a kanka, ba ka da ikon amfani da shi ko tona shi. Kyautar da ta iso bayan rantsuwa kuwa, ka auna ta da abin da Annabi (SAW) ya faɗa game da Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kyauta aka ba ni: me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya gani ko za a kawo masa? Ka mayar da ita ranar da ta zo, a gaban shaida.