Na Sa wa Giwa Zuciyar Akuya

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ni da tsohuwar Hilux ɗina muka daina ga-maciji. Injinta samfurin 22R ne mai kafireto, girmansa lita 2.4. Ba ya ciwo, ba ya gajiya, amma wajen shan mai sai ka ce raƙumin da ya sauko daga Azbin. Ni kuwa da ita nake jigilar albasa daga Aliero zuwa Jega.

Na kai kukana gareji. Bakanike ya ce, "Alhaji, mi kaka jira? Mu sa maka ɗan Beljiyam mai lita 1.6. Sansana mai kawai shika yi." Ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, amma wannan "Alhaji" ta shige ni. Na sayar da raguna biyu, ɗaya ma na uwargida ne, na ce aro. Aka ɗaura injin da giyabos ɗinsa, mai walda ya yi kwana uku yana ƙera masa mazauni.

Makon farko babu kaya nake yawo. Na duba mita, na buga lissafi, na ga man ya ragu sosai. A teburin mai shayi har wa'azi nake yi wa direbobi. Sai yaron motata ya ce, "Maigida, wai Jega ƙaura ta yi? Kullum ƙara nisa take." Ashe sabon giyabos bai dace da mitar ba, ƙarin gishiri take wa tafiyar, ni kuma ina raba mai da kilomitar da ban taɓa takawa ba.

Ranar kasuwa muka yi mata lodi har sama. Nan asiri ya tonu. Abin da tsohon inji ke ja a giya ta huɗu yana gyangyaɗi, wannan sai a ta biyu, totur manne da ƙasa, yana ihu kamar akuyar da ta hango mahauci. Inji kuwa in yana irin wannan ihun, mai yake kwankwaɗa. Lagireto ya tafasa, allurar mai ta kwanta. Wani dattijo ya wuce mu a amalanken shanu, ya ce, "Sannunku da hutawa."

Galan biyu na saya wajen 'yan bumburutu kafin mu isa, kasuwa ta fara watsewa.

Washegari da sassafe na koma gareji neman tsohon injina. Bakanike ya sosa ƙeya, ya ce ai yana Yauri, wani mai jirgin ruwa ya saya, kullum sai ya bugo waya ya sa albarka. Ban ji ya ƙara ce mini Alhaji ba.

Ina shiga gida uwargida ta tare ni da fara'a: "Malam, ribar man ta kai kuɗin ragona, ko in ƙara haƙuri?"