"Ba gajiya," in ji Fasto: wa ke kiwon makiyayin?

A gaisuwarmu ta Hausa, idan aka ce maka "ina gajiya?" amsa ɗaya ce: "ba gajiya." Ko da ka kwana a tsaye, haka za ka ce. Na daɗe ina lura da cewa babu wanda wannan amsa ta fi cuta kamar limaman coci a Sakkwato da kewaye, fasto ne ko fada, wato limamin Katolika. Ana tashi daga sujada ranar Lahadi sai mu yi layi a bakin ƙofa, "Baba, ina gajiya?" Ya yi murmushi ya ce babu. Mu kuma mu karɓa da sauri, domin kowa da tasa damuwar da ya zo sauke masa.

A ganina, ikilisiyoyinmu sun iya karɓa daga hannun makiyayi, amma ba su koyi kula da shi ba. Kuma halin da yankin nan ya shiga ya sa wannan sakaci ya zama haɗari.

Mu tuna abin da mutanen nan suka gani. A Janairun 2020 aka sace Michael Nnadi, ɗan shekara 18, ɗalibin Darikar Katolika ta Sakkwato da ke karatun zama fada a Kaduna, aka kashe shi. A Mayun 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi, lokacin Katsina tana ƙarƙashin Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, kafin a ba ta nata bishop a 2023. A Mayun 2022, bayan kisan Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, tarzoma ta taɓa babbar majami'ar Holy Family da ke Sakkwato, har gwamnati ta sa dokar hana fita. Watan bai ƙare ba aka ɗauke fada biyu a Gidan Maikambo da ke jihar Katsina, suka yi sama da wata guda a daji.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, wa ake kira? Shi ne mai zuwa gano gawa, shi ne mai faɗa wa uwa cewa ɗanta ba zai dawo ba. Wani lokaci wayarsa ce 'yan bindiga ke bugawa ana cinikin kuɗin fansa, yana jin kukan ɗan ikilisiyarsa a ɗaya gefen. Washegari ya hau bagade ya yi wa'azin haƙuri da yafiya, ya kwantar da matasan da ransu ya ɓaci. Zaman lafiyar da muke yaba wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi da shugabannin Kirista a kai, rabin aikinsa a irin wannan wa'azin ake yin sa. To shi mai wa'azin, ina yake kai nasa tsoron?

Na san abin da wasu za su ce: ai kiran Allah ne, shi ya amsa, addu'a ta ishe shi. Ban raina addu'a ba. Amma Yetro, surukin Annabi Musa, da ya ga Musa yana zaman shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, bai ce masa ya ƙara azumi ba. Cewa ya yi zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya nemi amintattu su raba masa kaya. Iliya ma da ya karaya har ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi. Wasu kuma za su kawo zancen fastoci masu jiragen sama. Waɗancan ba a nan suke ba. Mai bisharar ƙauye a nan, wanda albashinsa ke jiran baikon Lahadi, yana fama da tsohon babur a zafin watan Afrilu, ba shi da haɗi da su sai suna.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Hutu dai na farko. Dokar cocin Katolika ta ba fadan da ke riƙe da ikilisiya damar hutun wata guda a shekara, amma dama a takarda ba ta da amfani idan babu wanda zai riƙe masa aiki. A sauran majami'u kuwa, majalisar dattawa ce ya kamata ta rubuta ranar hutun fasto, ta kuma hana mu buga masa waya a ranar sai dai in rai ne. Haka duba lafiya: a ware kaso daga baiko domin awon hawan jini da sukari sau ɗaya a shekara, kafin a kai ga yin karo-karo a bakin gadon Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo.

Inda na fi son a tsaya shi ne lafiyar ƙwaƙwalwa. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, amma a bakin Basakkwace "an kai shi Kware" zagi ne. Saboda haka limamin da ya dawo daga hannun masu garkuwa, ko wanda ya binne mutum biyar a mako guda, zai gwammace ya yi ta juyi a gado har asuba da a gan shi wurin likita. Mu kuma mun yi sujadar godiya, mun yi rawa, mun ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Irin wannan mutum bai kamata a maida shi bakin aiki a mako na biyu ba, kuma yana buƙatar wanda zai faɗa wa cikinsa ba tare da fargabar maganar za ta isa kunnen mai yi masa canjin wurin aiki ba. Wannan sharaɗi na sirri shi ne ginshiƙin abin. Idan bishop ko shugaban gunduma ne kaɗai ƙofar kai kuka, babu mai ƙwanƙwasawa. A samar da tsofaffin limamai da suka yi ritaya da ƙwararrun masu ba da shawara, a biya su daga asusun coci.

Kada kuma a manta da Mama, matar fasto. Ita ke dafa wa baƙin da ba a sanar da zuwansu ba, ita ke jan Zumuntar Mata ba albashi, ita ke zaune da waya a hannu duk ranar da maigida ya bi hanyar Gusau. A taron majalisar dattawa na gaba, wani ya tashi ya tambayi nawa ikilisiya ta kashe bara a kan fenti da lasifika, nawa kuma a kan lafiyar mutanen da ke zaune a gidan fasto.