Ni da Karen Mai Gidan Haya a Sanyin Kanada

Wai wane tsautsayi ne ya sa na ce wa tsohuwar da nake haya a gidanta zan riƙa fita mata da kare? A Winifeg fa, a watan Janairu, inda sanyi kan kai 30 ƙasa da sifili! Minti 10 kacal a waje, sai ya dawo da dunƙulen ƙanƙara sun maƙale masa a gashin ciki da ƙafafu kamar curin fura. Ka ja ya yi kuka, ka bari su narke a kan kafet. Sai ruwan ɗumi, sai tawul, sai wanke gishirin da ake watsawa a titi kada tafin ƙafarsa ya tsage. Takalma huɗu gare shi, kullum da uku muke dawowa, ni ne tonon ƙanƙara kamar mai haƙar zinariya. An hana aski, wai gashin nan ne bargonsa, to tajewar fa, wa aka bar wa? Ni da ko kaina ban taje ba tun Juma'a! Ga gashin kare har cikin shayina, ga ƙarni a rigar sanyina, ita kuwa tana kan kujera, wai in yi masa a hankali!