Bashin Maikel Jakson a Teburin Mai Shayi

(Bayan isha'i ne, a teburin mai shayi na bakin tasha. Baba Direba da Alaramma suna kan benci. Ɗan Fulani ya ajiye sanda da igiyarsa yana jiran ruwan bunu. Sai ga Ɗan Boko, waya na ta kiɗa a aljihunsa, yana jan ƙafa da baya da baya.)

MAI SHAYI: Kai ɗan samari, lafiya? Kashin kaji ka taka?

ƊAN BOKO: Haba Mai Shayi, rawar Maikel Jakson ce. Ka ga kamar gaba nake yi, alhali baya nake tafiya. A 1983 ya yi ta a talabijin yana rera Billie Jean, duniya ta ɗauka. Haɗa min mai kauri da ƙwai biyu, ka rubuta.

MAI SHAYI: Kamar gaba, alhali baya. Wannan ai ba rawa ba ce, lissafinka ne a littafina.

ƊAN FULANI: Aradu na taɓa ganin saniya tana irinta a gangaren rafi da damina. Mu dai ba tafi muka yi mata ba, igiya muka sa mata.

BABA DIREBA: Tsaya, yaro. Ƙaro murya. Wannan amshin na ƙarshe, na san shi.

ƊAN BOKO: Baba, ina kai ina wannan? Wannan Wanna Be Startin' Somethin' ce, waƙar farko a faifansa Thriller na 1982. Ba a taɓa sayen wani faifai a duniya kamarsa ba.

BABA DIREBA: Shekara goma kafin faifan naka nake jin amshin nan, ina yaron mota a hanyar Garwa zuwa Ngaundare. Soul Makossa ke nan, ta Manu Dibango, mutumin Duwala, mai busa ƙahon nan na Turawa mai lanƙwasa. A 1972 ya yi ta, shekarar da Kamaru ta karɓi gasar kofin Afirka. Waƙar gasar tana gaban faifai, ita kuma aka liƙa ta a baya, kamar gyaran da mai gyaɗa ke ƙara maka. Sai gyaran ya fi sayen farin jini, har Amurka.

MAI SHAYI: Shi Maikel ɗin da ya ɗauka, ya biya?

BABA DIREBA: Sai da Dibango ya kai ƙara, sannan aka koma gefe aka sasanta, aka ba shi nasa.

MAI SHAYI: Madalla da Dibango. Allah ya ba mu irin zuciyarsa.

BABA DIREBA: Saurara, ba a gama ba. A 2007 wata yarinya, Rihana, ta so amshin a waƙarta. Ta nemi izini wajen Maikel, ya ce ɗauki. Dibango yana zaune sai ya ji kayansa a bakin mutum na uku. A 2009 ya sake ɗaukar jaka sai kotu a Faris.

ALARAMMA: Subhanallahi. Raihanatu ba ta da laifi sosai, ta yi sallama, sai dai a ƙofar da ba ta mai gida ba. Amma shi Mika'ilu fa? An ba ka aron jaki, kai kuma ka yi kyauta da shi? Ko almajirin da bai kai izu biyar ba ya san kayan aro ba ya rufe katara.

ƊAN BOKO: Allah gafarta Malam, ɗaya ce kawai. Bari ku ji wannan. Ita kam ta Turawa ce tsantsa, har a fim ɗin yara na The Lion King ta fito a 1994. Cewa take zaki yana barci a daren nan.

ƊAN FULANI: (ya jawo sanda) A ina?

ƊAN BOKO: A waƙa, Baffa.

ƊAN FULANI: Wanda ya ce zaki na barci da dare bai taɓa kwana da shanu a daji ba. Da rana yake barcinsa. Dare kuwa lokacin aikinsa ne.

BABA DIREBA: Duba wayar taka, ka karanto mana mai ita.

(Ɗan Boko ya shiga latse-latse da ƙarfin gwiwa. Da ma ya sani, da ya ce caji ya ƙare.)

ƊAN BOKO: Wasu 'yan Amurka ne, The Tokens, a 1961, ta zo ta ɗaya a ƙasar. Kun gani? Amma... asalinta Mbube, wato zaki da harshen Zulu. Solomon Linda ya rera ta a Johannasbag a 1939. Maganar barcin daga baya aka ƙara da Turanci.

ƊAN FULANI: Na faɗa! Zulu masu shanu ne, ba za su yi wa zaki wannan ƙaryar ba.

MAI SHAYI: An biya shi?

ƊAN BOKO: Sule goma.

MAI SHAYI: Kafin alƙalami?

ƊAN BOKO: Duka-duka. Ya rasu a 1962 ba shi da komai. Sai a 2006 aka sasanta da 'ya'yansa.

ƊAN FULANI: Zaki sukutum a sule goma? Aradu ko fatar ta fi haka.

(Shiru ya ɗan ratsa teburin. Mai Shayi ya sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, yana kallon littafinsa kamar mai duba marar lafiya.)

ƊAN BOKO: To ga wadda ba wanda zai ce tasa ce. Bohemian Rhapsody, 1975, kusan minti shida. Ta Queen ce, wato Sarauniya.

ALARAMMA: Ta Ingila? Da girmanta?

ƊAN BOKO: Sunan ƙungiyar ke nan. Maza ne su huɗu.

ALARAMMA: Maza huɗu, sunansu Sarauniya. To. Allah ya sa mu gama lafiya. Kai, tsaya! Maido baya. Me na ji ya ce?

ƊAN BOKO: Bismillah ya ce, Malam.

ALARAMMA: Allahu Akbar! Wane ne wannan bawan Allah?

ƊAN BOKO: Freddie Mercury. A Zanzibar aka haife shi a 1946, sunansa na yanka Farrokh.

ALARAMMA: Faruku! Na san a rina. Namu ne.

ƊAN BOKO: Iyayensa 'yan asalin Indiya ne, Malam, masu bin addinin Farisa na dā.

ALARAMMA: (ya gyara rawani) Shi ya sa. Tun ɗazu nake mamaki. Wa ya taɓa yin bisimilla sai da aka ci rabin tuwo? Minti uku yana ta kuka da kiran uwarsa, sannan ya tuna. Da ya zo wurina da na koya masa abin da mai mantuwa ke cewa, awwalahu wa ahirahu.

MAI SHAYI: Shi wannan da ya ɗauko bisimilla, ya biya?

ALARAMMA: Wannan shari'ar ba a Faris za a yi ta ba.

MAI SHAYI: Ni duk cikinsu ba mai waƙar neman kuɗi ne?

ƊAN BOKO: Akwai mana, 50 Cent. Shi ya yi In da Club a 2003. Sunan faifan ma cewa yake a yi arziki ko a mutu garin nema. Harsashi tara ya sha a 2000, ya tashi.

MAI SHAYI: Wannan a bincika, yana da dangi a Kantin Kwari. Me sunan ke nufi?

ƊAN BOKO: Rabin dala.

ƊAN FULANI: Uwarsa ba ta samu canji ba ne?

MAI SHAYI: Ya yi arzikin?

ƊAN BOKO: Ƙwarai. Sai dai a 2015 ya je kotu ya ce bashi ya fi ƙarfinsa.

MAI SHAYI: Ka ji! Mutum ya gaya muku da bakinsa ko dala bai cika ba, kuka ba shi bashi. Ni ma ga nawa rabin dalar a zaune yana cin ƙwai. (ya buɗe littafi, ya lashi yatsa) Tun watan azumi. Naira 11,400, ban da na yau.

ƊAN BOKO: Mai Shayi, mu koma gefe mu sasanta, kamar Maikel da Dibango.

MAI SHAYI: Shi Maikel da kuɗi ya je gefen.

ƊAN BOKO: To ka yi haƙuri irin na gidan Linda. Daga 1939 zuwa 2006, shekara 67 ce kacal. 'Ya'yanka za su karɓa.

ALARAMMA: Ɗan nan, ka ji tsoron Allah.

ƊAN BOKO: Shi ke nan, gani nan zuwa in biya. Ku duba, tahowa nake.

(Ya miƙe, fuskarsa na kallon Mai Shayi, hannu a aljihu, ƙafafu na tafiya. A gaskiya ya iya. Sai da ya kai bakin kwata kafin kowa ya lura teburin nisa yake ƙara yi masa.)

MAI SHAYI: Jama'a, zuwa yake ko tafiya?

ƊAN FULANI: (ya ajiye kofi, ya warware igiya) Riƙe min shayina, Kaɗo. Na san wannan saniyar.