Tafkin Kifi na He'eia Ba Kufai Ba Ne

Da yawa idan suka ji ana binciken tarihi a tafkin kifi na He'eia, a tsibirin Oahu na Hawai, sai su ɗauka kufai ne da masana ke tonawa. Ba haka ba ne. Katangar dutsen da ta kewaye tafkin, mai tsawon kusan kilomita 2, an gina ta shekaru 600 zuwa 800 da suka wuce, kuma har yau tana aiki. Ƙananan kifaye kan shigo daga teku ta ƙofofi masu sanduna, su ci gansakuka, su yi ƙiba har fita ta gagare su. Dabara ke nan! Tun 2001 ƙungiyar Paepae o He'eia ke jagorantar gyaran katangar, mutanen yankin na jera duwatsu da hannu, ba siminti, yadda kakanninsu suka yi.