Wainar Sallah da jadawalin girkin mako

Duk sanda Sallah ta matso, ko aka sa ranar suna ko walimar sauka, sai ka ji gidaje da yawa suna neman mai yi musu abinci daga waje. Dalilin da ake bayarwa ɗaya ne: girkin gida akwai wahala, ba ya isa, ba ya sauka a kan lokaci. Ni a ganina, abin da ke ɓata girkin ranar taro shi ne dai ke ɓata na ranar Talata, wato ba a san me za a ɗora ba sai yunwa ta taso, sannan a tura yaro kasuwa da gudu. Gidan da ya saba tsara girkinsa mako-mako, taron mutum ashirin ba ya firgita shi.

Daren Juma'a ko safiyar Asabar, uwargida ta leƙa sito da kwandon kayan miya ta ga abin da ya rage, sannan ta ɗauki biro ta rubuta abincin rana da na dare na kwana bakwai. Ma'aunin jerawa shi ne abin da ya fi saurin lalacewa. Alayyafo, ɗanyen zogale, salak, ɗanyar kuɓewa da ɗanyen kifi ba sa jure kwana biyu a zafinmu, don haka su ne na Asabar da Lahadi. Kabewa, doya, dankali, kabeji da karas suna kai tsakiyar mako. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, wake da busasshen kifi a bar su zuwa Laraba da Alhamis, lokacin da kwando ya yi sauƙi, aljihu ma ya yi. Juma'a kuwa a ware mata abinci mai armashi, ko funkaso ko sinasir ko dambun shinkafa, saboda a nan ne hannu ke sabawa da girkin da za a buƙata ranar taro.

Abu biyu ne ke riƙe wannan jadawali. Na farko kayan miya. A niƙa tumatir, tattasai, attaruhu da albasa na mako gaba ɗaya, a ɗora a wuta ba murfi har ruwan ya tsotse, sannan a soya da mai da gishiri har man ya taso sama, a raba a ƙananan robobi. Ruwan da aka bari a ciki shi ke kawo tsami da kumfa, haka ma jiƙaƙƙen cokali idan aka tsoma. Wadda ba ta da tabbacin wutar lantarki ta riƙa tafasa shi safe da yamma. Daga hunturu zuwa farkon bazara, sanda tumatirin rani irin na Kadawa da Kura ya cika kasuwa, shi ne lokacin yanka shi a shanya kauɗa don damina. Na biyu wake. A surfa mudu guda, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau, a zuba a mazubi mai murfi. Ranar ƙosai ko alale sai jiƙo da niƙa kawai. Tuwon dare kuma a ƙara malmala uku ko huɗu da gangan, ɗumamen safe ya samu ke nan.

Maigida, a nan akwai naka. Kuɗin cefanen da kake ajiyewa kullum da safe, in da hali ka haɗa na mako ka bayar a dunƙule. Sayen kashi-kashi a bakin layi ya fi sayen kwano a kasuwa tsada, kuma matar da ba ta san abin da za ta samu gobe ba, ba yadda za a yi ta tsara jibi. A gidan da ake karɓa-karɓar girki, a zauna a rubuta jadawalin tare, don kada a ci miyar kuka kwana huɗu a jere kowa na ganin ita sau biyu kawai ta yi.

To, ranar taron. Kuskuren farko yana wajen ƙidaya. Ana lissafa mutanen gida, a manta kwanukan maƙwabta da na surukai da yaran da za su shigo yawon Sallah. A ƙirga duka, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Kuskure na biyu yawan kala. Abinci biyu masu kyau da abin sha ɗaya sun fi kala biyar da aka yi a gurguje, domin murhu biyu ko uku ne a yawancin gidaje, hannu ma ƙidayayye ne. Ga mutum ashirin, waina da miyar taushe, dafa-dukan shinkafa, da zoɓo sun wadatar.

Cefanen busassun kaya, mai, gawayi ko gas, a gama shi kwana uku kafin ranar, don farashi da cunkoson jajiberi kowa ya san su. Ƙaramar Sallah tana da nata ƙulli: ba a san ko azumi 29 za a yi ko 30 ba. A jiƙa shinkafar waina da la'asar ranar 29, amma kada a kai niƙa sai an ji sanarwar ganin wata. In ba a gani ba, a tsane ta a baza a faranti, gobe a sake jiƙawa. Jiƙaƙƙiyar shinkafa tana jira, ƙullu ba ya jira.

Ma'aunin waina: gwangwanin madara 10 na shinkafar tuwo a jiƙa awa shida zuwa takwas, wasu 2 a dafa su yi laushi sosai a bar su su huce. A haɗa da albasa biyu a kai inji. A tsaya a ga mai inji ya wanke injinsa, domin ƙullun da ya bi bayan wake ko tattasai ya riga ya sauya launi da ɗanɗano, wani lokaci ma ya ƙi tashi. Yis cokali ɗaya da rabi na cin abinci, sukari cokali huɗu. Gishiri sai an zo suya. Idan dafaffiyar shinkafar da zafinta aka zuba a kan yis, ya mutu. Da zafi, awa uku zuwa huɗu ƙullu ya tashi, shi ya sa wadda ta niƙa da daddare gara ta jinkirta sa yis zuwa kafin asuba. Da hunturu yana cin awa shida ko fiye, a rufe shi a ajiye kusa da murhu. In ya yi tsami, ruwan kanwa kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa, don in ta yi yawa waina za ta yi ɗorawa-ɗorawa ta yi bauri. Kaurinsa ya zama kamar kunu mai kauri: in ya tsinke waina ta farfashe wajen juyawa, in ya cika kauri baya ya ƙone ciki ɗanye. Wannan awo yana ba da waina 60 zuwa 70, gwargwadon gurbin tanda.

Miyar taushe ta mutum ashirin tana son nama kilo biyu haɗe da ƙashi, kabewa kamar kilo biyu, niƙaƙƙiyar gyaɗa gwangwani biyu, daddawa, alayyafo da yakuwa kaɗan. A dafa naman tun daren jajiberi, a ajiye romon. Kabewa ta nuna ta narke kafin gyaɗa ta shiga, kuma da gyaɗa ta shiga a rage wuta a riƙa juyawa, don tana kamu a gindin tukunya, ƙaurin kuma ba ya fita. Ganye shi ne na ƙarshe, minti biyar ya ishe shi. Miyar gyaɗa ba ta son zama a rufe da ɗumi, kafin la'asar za ta iya juyawa. A raba ta biyu tun kafin a sa ganye, rabin na yamma a tafasa shi daga baya a zuba masa nasa.

Dafa-duka kuwa, gwangwani ɗaya ga babba, rabi ga yaro, amma tunda akwai waina, gwangwani 12 sun isa. Kada a tara su a tukunya ɗaya mai zurfi, sama zai ƙi nuna, ƙasa ya caɓe ya kama. Tukunya biyu masu faɗi, ruwa ya rufe shinkafa kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa, murfi mai kama baki. Wani abu da nake so a ɗauka da muhimmanci: shinkafar da ta wuni a kula tana ɗumi-ɗumi tana haifar da ƙwayar cuta mai dafi, kuma ɗumamawa ba ta kashe dafin. Amai da gudawar bayan biki kan iya zuwa daga irin wannan ajiya. Abin da za a ci da yamma a dafa shi da rana, wanda ya rage a baza ya huce a sa a firji da wuri.

Zoɓo a dafa shi da citta da kanumfari tun dare, a tace, amma sukari da abarba sai da safe, in ba haka ba ya fara tsami. Kunun aya kada a yi shi sai akwai ƙanƙara a hannu.

Aiki kuma a raba shi da suna tun jajiberi: wance a tanda, wance a miya, samari a ɗebo ruwa da kai kwanuka, mutum ɗaya a wanke-wanke tun farko. Mai suyar waina ba ta tashi, awa biyu ne cur a zaune.

Washegari, a bayan takardar jadawalin nan, uwargida ta rubuta gwangwani nawa aka jiƙa, waina nawa ta fito, me ya ƙare da wuri, me ya kwana. Wata biyu da kwana goma bayan Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah za ta zo, takardar za a ɗauko, a soke layin naman kasuwa, a ƙara man suya da gawayi.