Jirgin kasa kadai bai isa ba

Wani labari ya ce jirgin kasan Abuja, wanda aka sake budewa a watan Mayun 2024, ya magance wahalar masu sauka a filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe. Da sauran aiki. Jirgin kasan yana bi ta tashar Idu ya tsaya a tsakiyar gari, amma sawunsa kadan ne a rana, wanda ya sauka da dare sai mota.

Tafiyar mota daga filin jirgin zuwa cikin gari kusan kilomita 40 ce. Da safe cunkoso na kamawa daga unguwar Lugbe har City Gate, kofar shiga gari, saboda ma'aikata masu shiga gari, da yamma kuma bangaren fita ne ke cushewa. In tasi za ka hau, ku yanke kudi kafin a sa kaya a but. Mai zuwa Kaduna a jirgin kasa kuwa ya sauka a Idu ya canza jirgi.